Tambayoyi Uku da Inda Sunka Fito

Duk ɗalibin da ya taɓa zama cikin rukunin binciken Littafi Mai Tsarki a Tawa, ko a lise ko a jami'a, ya san haruffan nan uku da ake rubutawa bisa allo tun ranar farko: O, I, A. Na farko yana cewa ka duba abin da ke rubuce, na biyu ka nemi abin da yake nufi, na uku ka fid da abin da za ka yi. Da Hausa mukan ce lura, fahimta, aikatawa. Sabon shiga yakan zaci wani mushe ne ya ƙago su a Yamai, tun da sun yi kama da sharhin rubutu da ake horar da mu kansa don jarrabawar BAC. Ba haka ba ne. Salon ya girme mulkin kan Nijar da shekara wajen sittin, kuma kafin ya yi wani amfani a Adar sai da Littafin kansa ya riga shi zuwa cikin harshen da muke ji. Tarihi biyu ke nan, kowane da hanyar da ya biyo. Na ga ya dace a haɗa su wuri guda, don wanda ya san dalilin da ya sa anka ƙago wata dabara ya fi sanin inda za ya riƙe ta da ƙarfi da inda za ya lanƙwasa ta. Abokanmu Musulmi na ƙungiyar marubuta, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta ɗan littafin ga, za su tarar da rabin labarin tarihin rubutun Hausa ne, shi kuwa namu ne mu duka.

Mutumin da ya fara juya sassan Littafin zuwa Hausa, James Frederick Schön, Bajamushe ne mai aiki da mishan ta CMS ta Ingila, kuma bai taɓa zama ƙasar Hausa ba. Ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, Hausarsa kuwa ya tsince ta ne a bakin bayin da anka ƴanta a Saliyo. Abin da ya ɗaga aikinsa shi ne wani yaro mai suna Dorugu, ɗan wani ƙauye na wajen Kance, ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana ƙarami, anka kai shi Borno, wani Bature matafiyi ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbutu da dawowa, daga nan ya wuce Ingila a 1855. Can ya zauna gidan Schön, yaro yana magana dattijo yana rubutawa. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari a 1880. Labarin rayuwar Dorugu da ya bayar da bakinsa yana cikin Magana Hausa, wanda anka buga a 1885. Sunan Schön ne bisa bango, amma ni in ana lissafin waɗanda sunka ba mu Littafi da Hausa, da wanga yaro na Damagaram nake farawa.

Fassarar Schön ba ta yi nisa cikin ƙasar Hausa ba, don babu masu karanta ta, babu kuma mai kai ta. Littafin da ya shiga hannun mutane aikin Dokta Walter Miller ne da abokan aikinsa. Miller ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawan da ke zaune can (ka ga zuwa Libiya ba yau munka fara ba), sannan a 1900 ya shiga Kano cikin ayarin Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu ya ce su tattara su fita, sunka fita. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya mishan ta koma Wusasa. Shekara da shekaru ana gyara, shi da Hausawan da sunka yi aiki tare da shi da ƴan mishan na wasu ƙungiyoyi, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. An buga wasu sassa da ajami, amma cikakken da boko ya fito, saboda haka duk mai son karanta shi dole ya koyi baƙaƙen Nasara. Hausar da ke ciki kuma ta Kano da Zariya ce. Sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980 ta sauƙaƙa kalmomi da yawa, amma ba ta matso kusa da Adaranci ba.

A ɓangarenmu na iyaka, mishan ta SIM ce ta kawo shi. Mutum uku sunka fara ta a 1893: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Ciwo ya kashe biyun farko a shekarar da ta biyo, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1924 ƴan SIM sunka samu zama a Damagaram, sannan Tsibiri ta Gobir a ƙarshen shekarun 1920, sannan Maraɗi. Wanda munka fi sani a jiharmu shi ne asibitin Galmi, kan hanyar Ƙwanni zuwa Madawa, da anka buɗe a 1950. Faransawa masu mulki ba su saki jiki da waɗanga baƙi masu Ingilishi ba, su ma baƙin ba su damu da lakkwal irin ta Faransa ba. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin masu bi na yankin Maraɗi a 2006, ta nuna cewa SIM ta daɗe tana gudun buɗe makarantun da za su fid da ma'aikatan gwamnati. Abin da take so shi ne kowa ya iya karanta Littafi da Hausa. Haka anka samu manoma da masu aikin asibiti da sunka iya boko da harshensu amma ba su da takardar lakkwal, abin da ya zama ƙorafi babba daga baya, bayan an kafa ikilisiyar EERN a farkon shekarun 1960.

To, riƙe littafi dabam, yi masa tambaya dabam. In ka zauna da tsofaffin masu bi na wajen Galmi za ka sha mamakin yawan ayoyin da sunka haddace, da sura da lamba, ba tuntuɓe. Haka anka koya musu: mai bishara ya karanta, ya bayyana, jama'a su riƙe. Bai yi nisa da yadda karatu yake a zauren malam ba, inda malam ke jan baƙi yana fassarawa ɗalibi yana bi. Ban raina wanga salo ba ko kaɗan. Ya riƙe mutane shekaru masu wuya, kuma mu ƴan takarda ba mu da kwatankwacin haddarsu. Sai dai yana bukatar malam kusa. Ran da malam ya yi nisa, ko wani baƙon mai wa'azi ya zo da tasa fassara, wanda bai saba bincike da kansa ba ba ya da ma'aunin da za ya auna.

Dabarar tambaya ta fito daga wani wuri, kuma abin dariya, matsalar malamai ce ta haife ta. A ƙarshen ƙarni na 19 makarantun tauhidi na Amurka sun cika da gardama kan wa ya rubuta wane sashe, yaushe, daga waɗanne takardu. Ɗalibi kan gama karatu ya san ra'ayin masana goma game da Ishaya, shi kuwa Ishayan bai taɓa bin sa daga fari har ƙarshe ba. Wilbert White ya yi karatu a jami'ar Yale hannun William Rainey Harper, malamin Ibrananci da ba ya fara wa ɗalibai da dokokin nahawu. Yakan buɗe musu surar farko ta Farawa, su duba kalmomi, su gano dokar da kansu. White ya ɗauki wagga dabara ya mai da ita kan Littafin duka. Bayan ya yi aiki cikin ɗalibai a Kalkata ta Indiya, ya kafa makarantarsa a 1900, wadda ta zauna birnin Niyok. Ka'idarsa biyu ce. Ka karanta littafin kansa kafin littattafan da anka rubuta game da shi, ka karanta shi ɗungum kamar yadda marubucin ya jera shi. Sannan ka yi binciken cikin harshen da ka sha a nono, ko da ka iya Helenanci. Ku riƙe ta biyun nan, za mu komo gare ta.

Akwai wani labari da malaman wanga salo ke son bayarwa. Samuel Scudder, ɗalibin kimiyya a Harvard, ya rubuta a 1874 yadda malaminsa Louis Agassiz ya aje masa mataccen kifi cikin tire, ya ce ya duba, ya tafi abinsa. Cikin ƴan mintoci yaro ya ga kamar ya gama. Malam ya dawo ya ce bai ga kome ba tukuna. Kwana uku yana gaban kifi guda, ya ƙirga ɓawonsa, ya ɗauki fensir ya zana shi, sai abubuwan da ke gabansa tun fari sunka fara bayyana. Abin da Faransanci ke kira méthode inductive ke nan. Mu da munka tashi da dabbobi mun san shi da wani suna: bin sawu. In akuya ta ɓace, akwai mai tsayawa ƙofar gida ya yanke cewa gidan wane take don dama yana zarginsa, akwai kuma mai duƙawa ya duba ƙasa.

Robert Traina, wanda ya koyar a makarantar White, ya tsara matakan cikin littafi a 1952. Ƙungiyoyin ɗalibai su ne sunka raba su duniya. An kafa haɗakarsu ta duniya, IFES, a 1947. A arewacin Nijeriya ƙungiyar FCS ta fara a Gindiri a 1957, a ƙasashen da ke karatu da Faransanci kuma rukunonin GBU sunka haɗa kai a ƙarshen shekarun 1960. Ta nan haruffan uku sunka iso mana. Ka lura da abin da ya faru: Littafin Hausa ya shigo ta ƙauye da asibiti, hannun mutanen da ba su yi lakkwal ba, dabarar bincike kuwa ta shigo ta lise da jami'a, cikin Faransanci, tare da fassarar Louis Segond ta 1910. Masu Littafin Hausa ba a koya musu tambaya ba, masu tambaya ba su buɗe Littafin Hausa. Har yau haka muke a rukunoni da yawa. Mukan yi bincike da Faransancin da ya tsufa fiye da kakanninmu, muna gardama kan kalmar da ko cikinmu babu mai amfani da ita a kasuwa, alhali mai dabarar da kansa cewa ya yi a yi da harshen uwa.

Ga misalin abin da muke asara. Inda Segond ya sa rédemption, ɗalibi kan gyaɗa kai ya wuce, ya ɗauka kalmar coci ce. Da Hausa fansa ce. Duk wanda ya ji labarin zamanin bauta bakin tsofaffi ya san fansa: dangi su tara dukiya su biya, a saki nasu. Nan take tambayoyi ke tasowa, wa ke ɗaure, hannun wa, wa ya biya, da mi. Wani kuma za ya ce shi fansar da ya sani ita ce ramuwa, ɗaukar fansa, sai rukuni ya koma cikin ayar ya ga wacce daga cikin biyun ta zauna. Bincike ya fara ke nan ba tare da kowa ya buɗe ƙamus ba.

Mi ya sa nake ganin abin ya wuce sha'awar ƴan boko? Mu a arewacin Adar masu bi ba su da yawa, mafi yawansu ma'aikata ne da anka turo da ɗalibai masu wucewa. Wanda ya koma Afala ko Barmu ko Takanamat hutun damina, sau da yawa shi da Littafinsa da wayarsa ne kawai, wayar kuma cike take da masu wa'azi daga Legas da Abijan, kowa da ayar da ya tsinko. Kuma mun ga a Janairun 2015, lokacin da anka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, yadda ginin da mutane sunka dogara gare shi ke iya zama toka kafin la'asar. Maƙwabta Musulmi sun ɓoye wasu cikin gidajensu, ba za a manta da wannan ba. Amma makonnin da sunka biyo, taro ya koma tsakar gida da ƙarƙashin rumfa, inda ake bukatar mutum huɗu ko biyar da sunka iya buɗe sura su yi aiki da ita.

Bari mu ɗauki wuri guda mu gani, Markus sura 4, aya 35 zuwa 41. Aya bakwai ce kacal, labarin hadari bisa tafkin Galili. A karanta da ƙarfi sau biyu, murya biyu dabam. Sannan kowa ya yi shiru da takardarsa minti goma. Matakin lura ba ya son wayo, tambayoyin ɗan jarida yake so: wa, ina, yaushe, mi ya faru, mi ya biyo bayan mi, wace kalma ta maimaitu. Wa ya ce a haye? Yesu ne, ba almajirai ba, kuma da maraice. Jirgi nawa? Mafi yawanmu za mu ce guda, rubutun kuwa ya ce akwai wasu jirage tare da su. Ina yake kwance? Can baya, kansa bisa matashi. Tambaya nawa anka yi cikin labarin? Huɗu: almajirai sun tambaye shi ko bai damu da hallakarsu ba, shi ya yi musu biyu kan tsoro da bangaskiya, su kuma sunka rufe da tambayar junansu ko shi wane ne. Abu uku Markus ya kira babba, wato iska da kwanciyar ruwa da tsoro. Nan ne wurin da ya kamata alƙalami ya tsaya. Babban tsoron bai zo lokacin da ruwa ke cika jirgi ba. Ya zo bayan kome ya lafa.

Sabon shiga kan ji kunyar faɗin irin waɗanga abubuwa, yana ganin ƙanana ne, ya fi son ya faɗi wani abu mai zurfi. Sai ka ji tun minti na biyu an ce hadarin yana nufin matsalolin rayuwa. Wataƙila. Amma wanda ya yi tsalle can ba za ya taɓa ganin cewa labarin ya ƙare da mutane masu rawar jiki cikin ruwan da ya kwanta ba. Rabin lokacin taro a ba lura, ko da ya yi kama da ɓata lokaci.

Fahimta tana tasowa daga abin da anka lura da shi, ba daga waje ba. Mi ya sa tsoro ya ƙaru bayan ceto? Wasunsu masunta ne, sun san ruwan nan, tafki ne da tsawonsa ya kai wajen kilomita 21, ya fi na Tabalak nesa ba kusa ba, kuma iska kan faɗo masa daga tuddai ba sallama. Hadari ba baƙonsu ba ne. Baƙon abu shi ne mutum ya tsawata wa iska ta ji. A nan ne, ba kafin nan ba, za a iya buɗe wani wuri. Zabura 107 ta ba da labarin matafiya bisa teku da sunka yi kuka ga Ubangiji ya kwantar da hadari. Yahudawan da sunka tashi da waƙar nan sun san aikin wane ne. Sai ka duba abin da ke gaba da baya: tun ayar farko ta littafin Markus ya gaya wa mai karatu ko wane ne Yesu, almajirai kuwa sai sura 8 Bitrus za ya ba da amsa. Ashe tambayar ƙarshen ita ce kan labarin. Ka ga ba mu buɗe littafin sharhi ba tukuna. A buɗe shi daga ƙarshe, don a gwada abin da anka samu, kamar yadda ake duba amsar lissafi bayan an yi aikin.

Aikatawa ita ce inda muka fi yin ha'inci, duk da ita ce mafi gajarta. “Mu ƙara bangaskiya” ba aiki ba ne, babu mai iya tambayarka mako mai zuwa ko ka yi. Abin da ake nema ƙarami ne mai suna da rana, wanda ya fito daga ma'anar da anka gano. Wani za ya ce akwai abin da ya daɗe yana zargin Allah da rashin kula a kansa, za ya faɗe shi a fili cikin addu'a yau. Wata za ta ce za ta karanta sura 1 zuwa 8 kafin Lahadi tana alama duk inda mutane sunka tambayi ko shi wane ne. Ya isa.

Akwai wani abu da ke ɓata mana karatu ba mu sani ba, shi ne lambobin da ke cikin Littafin. Marubutan ba su sa su ba. Stephen Langton ne ya raba surori a farkon ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma mai ɗab'i Robert Estienne ya sa musu lamba a 1551. Suna da amfani wurin nema, amma sun koya mana ɗaukar aya kamar ƙwayar magani. Je ka duba bangon kayen ƴan ajin ƙarshe, za ka samu Filibiyawa 4:13 a rubuce, a kan cewa za su iya kome, har da lissafin da ba su bita ba. Karanta aya biyu da ke gabanta: Bulus yana tsare, yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da zama da yunwa. Haka Irmiya 29:11, da ake aika wa mai shirin tafiya biɗa a kan cewa arziki na jiransa. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen da anka kwashe zuwa Babila, aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70, kafin nan kuma an ce su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar garin da suke baƙunci. A ganina wagga ma'ana ta fi amfani ga ɗan Adar da ke Abijan ko Sabha fiye da waccan ta bangon kaye, sai dai ba ta da daɗin turawa a waya.

Saboda wanga ne wani ma'aikacin ɗalibai a Amurka, Paul Byer, ya fara a shekarun 1950 buga Markus bisa farar takarda, babu lambar sura, babu ta aya, babu kanun da masu ɗab'i ke sawa, da fili tsakanin layuka don rubutu. Wanga kam muna iyawa. Mutum guda ya buga guntun a kwamfuta, a kai wurin hotokopi. Wanda ke jin nauyin zana layi cikin Littafinsa za ya zana bisa takarda hankali kwance, ya kewaye kalma, ya ja kibiya.

Jagora shi ne inda rukuni ke rayuwa ko mutuwa, kuma mafi yawan lokaci mai yawan sani ne ke kashe shi. Aikinsa ya yi binciken shi kaɗai tun kafin ranar, ya zo da tambaya biyar ko shida waɗanda ba a amsa su da i ko a'a, sannan ya iya riƙe bakinsa. Shiru na daƙiƙa talatin ba mutuwa ba ne, mutane na dubawa. In wani ya kawo magana daga sama, ba a ƙaryata shi, tambaya guda ake masa: “Cikin wace aya kag ga wanga?” Ita ce tambayar da ta fi kowace aiki, kuma ta hau kan kowa, har jagoran, har fasto in ya zo. Mutum shida zuwa takwas sun isa. In sun wuce goma, uku ne za su yi ta magana.

Sai dai dabarar an yi ta ne don mutanen da kowa ke da takarda da fensir, kuma yaro na iya musanta wa babba ba a ce ya yi rashin kunya ba. Mu ba haka muke ba. A gaban dattijo saurayi ba ya fara magana, ƴan mata kuma in an gauraya sukan bar wa maza fili. Wanda ya ce a yi kamar a Niyok za ya samu ɗaki shiru. Abin da na ga yana aiki shi ne a fara da biyu-biyu, kowa da na kusa da shi, sannan a kawo wa taro abin da anka samu, don faɗin “mun ga” ya fi sauƙi bisa “na ga”. Dattijo kuma a roƙe shi tun fari ya zama mai rufewa, girmansa ya tsira, yara sun samu magana.

A ƙauye, inda mafi yawan manya ba su yi boko ba, takarda ba ta da aiki, amma lura tana nan. A karanta guntun sau uku da Hausa, a hankali, ana mai da kalmar Kano zuwa tamu inda ta yi nauyi. A rufe Littafi. Mutum guda ya maido labarin da bakinsa, saura su cika abin da ya bari ko su cire abin da ya ƙara, sannan a sake karantawa a ga wa ke da gaskiya. Mutanen da sunka saba riƙe saƙo da ka daga kasuwa zuwa gida ba su da wasa a nan, sukan kama abin da mu masu bik muke tsallakewa. Tambayoyin kuma da bakin gida ake yin su: “Mi yac ce? Mi shika nuhi? Mu kuma mi za mu yi?”

Ga mai farawa, Markus ya fi. Shi ne mafi gajarta cikin bisharu huɗu, sura 16, labari ne mai tafiya da sauri, kuma in anka yanka shi guntu-guntu za ya kai rukuni daga komawa lakkwal a Oktoba har zafin Afrilu, kafin shirin jarrabawa ya watsa mutane. A bar Romawa da Wahayi sai hannu ya faɗa. Jagora ya san abu guda tun yanzu, kada ya zo masa ba shiri a makon ƙarshe: wasu bugu suna sa aya 9 zuwa 20 ta sura 16 cikin baka ko su yi mata ɗan bayani a ƙasa, don tsofaffin kwafi biyu na Helenanci na ƙarni na 4 sun tsaya a aya ta 8, inda mata sunka fito daga kabari da tsoro. Wani cikin rukuni za ya gani ya tambaya, tun da wata shida ana koya masa dubawa. A tanadi zama guda don wannan kaɗai.